Katangar da Baba ya ce ta karkace

Ba zan taɓa manta ranar da mahaifina ya ce in rushe katangar da na gina masa ba. Ni magini ne, a lokacin na shekara goma sha biyu ina aiki a Birnin Kebbi. Bayan damina na je gida Argungu na tayar masa da katangar gida da ruwa ya kayar, na ja igiya, na auna kowane layin bulo.

Da na gama ya fito, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wagga katanga ta karkace. Tsakiyarta ta yi ciki. Ka rushe ta."

A gaban maƙwabta ya faɗa. Na sake jan igiya, kowa ya shaida daidai take, shi kuwa ya ce har igiyar ma a lanƙwashe yake ganinta. Na ɗauka rigimar tsufa ce. Na tattara kayana na koma Birnin Kebbi cikin fushi, wata biyar ban leƙa gida ba. Har yau idan na ƙirga watannin nan sai in yi da-na-sani.

Ƙanwata ce ta kira ni ta ce Baba ya bar gyaran tarunsa na kamun kifi, kuma sai mutum ya yi magana yake gane shi. Washegari na je na kawo shi Birnin Kebbi wurin likitar ido. Ta ɗauki hoton cikin idon, ta nuna mini wani ɗan wuri can baya, wanda da shi ake ganin fuska da rubutu. Ta ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka tsiro a wurin suna yoyo, kuma alamar farko ita ce miƙaƙƙen abu ya zama lanƙwasasshe. Na kasa ɗaga kai. Ta ce idon hagu ya riga ya yi tabo, na dama ne za a iya tarewa da allura a cikin ido, wata-wata.

Na tambaye ta ko babu abin da ya fi wannan. Ta ce masu bincike na gwada magungunan da ke daɗewa a ido, har da hanyar da ido zai riƙa samar da maganin da kansa bayan allura ɗaya, amma ana kan gwaji. Baba ya tambaya ko abin zai iske shi da rai. Ba ta yi masa ƙarya ba, ta ce ba ta sani ba. Sai ta nemi izinin ajiye hotunan idonsa don koyarwa da bincike.

"Ki aje, ɗiyata," in ji shi. "In bai iske ni ba, ya iske wani."

A mota na roƙi gafararsa. Ya ce shi ma ya kunyata ni a gaban mutane, a bar maganar. Shekara huɗu muna zaryar allura, kuma har ya rasu yana gane jikokinsa da idon dama.

Abin da na koya shi ne, idan babba ya dage kan abin da kowa ya ga ba haka ba ne, ba cin gardama ke gabana ba. Sai in zauna in tambaye shi yadda yake gani, in kai shi a duba tun da sauran lokaci.