Fegi na Bakwai

Shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa kuma kowane gari yake neman titi da lambatu, aka turo ni Gombe a matsayin sabuwar injiniya. Ni kaɗai ce mace a ofishinmu in ban da mai buga tafireta. Wata biyu na yi ina jera zane-zanen wasu a kabad kafin shugabana ya yarda ya ba ni aikin fili, wato fitar da layin lambatu a wani lungu na Jekadafari inda ruwan damina ke cin gindin katangu. Bai ɓoye mini ba: ranar Juma'a zai zo dubawa, in layin bai tsaya daidai ba, zan koma wajen kabad ɗina.

Ga wanda bai san aikin ba, kafin a fara haƙa ana kafa 'yan guntayen katako da muke kira fegi, a shafa musu jan fenti a ka, su nuna wa leburori inda za su bi. Ranar Litinin na kafa goma sha biyu, na auna kowanne sau uku.

Talata da safe na sake aunawa, domin haka halina yake. Goma sha ɗaya suna nan daram. Na bakwai ya kauce da inci tara. Ina jin tara ne; littafin da na rubuta a ciki ya ɓata, kuma ba na so in ƙara wa labarin ko inci ɗaya. Ban zargi kowa ba sai kaina. Na gyara, na ci gaba da aiki.

Laraba ya sake kaucewa, wannan karon ta ɗaya gefen. Na zargi na'urar awo, na mayar da ita sito na karɓo wata. Na zargi zafin rana, na ce ya miƙar da tef ɗin ƙarfe, na zauna a kan dutse na cika shafi huɗu da lissafi. Heluman leburorinmu, wani dattijo Batangale da ya fara aikin hanya tun kafin samun mulkin kai, yana gefe yana ɓare gyaɗa. Abin da kawai ya ce shi ne, "Injiniya, ki sha ruwa."

Da na iso ranar Alhamis sai na ga fegin ya sake tafiya. Na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifina na kasa, shi da ya sha musu da danginsa kan cewa mace za ta iya wannan karatu. Ina cikin haka heluma ya tsugunna ya zare fegin, ya kai hancinsa, sannan ya miƙo mini.

"A jami'a an koya muku shinshina kaya?"

Warin akuya ne. Ga sawun igiya a wuyan katakon, har da 'yan gashi. Ya nuna mini da haɓarsa zauren da ke kusa.

Na ce, "Baba, tun yaushe ka sani?"

"Tun Talata na yi zato. Na ga kina lissafi da ƙwazo ne, ban so in katse ki ba. Kuma ni iyakata zaure, gidan matan aure ne. Ke kuwa ba mai hana ki."

Na yi sallama na shiga da fegin a hannu. Na tarar da wata tsohuwa tana tsince wake a faifai, ga akuya mai tsohon ciki kwance kusa da wani ɗan rami. Bayan mun gaisa na ce, "Goggo, ko kin san wannan icen?"

"Na san shi mana. Naku ne? Allah ya yi muku albarka, ice ne mai kyau. Namu turken akuyar gara ta cinye. In kun tashi da la'asar nake ara, da sassafe in mayar. Ban taɓa bari kun zo kun rasa shi ba, kayan gwamnati ne."

"To, a ina kike mayar da shi?"

"Inda ƙasa ta fi laushi. Wurin da kuke sa shi da tauri, 'yar nan, hannuna kuma ba kamar da ba." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke matar wanne ce a cikinsu?"

Na yi mata bayani cewa ni ce mai awon, ni nake nuna musu inda za su haƙa. Ta ajiye faifan ta daɗe tana kallon takalmina, sannan ta ce, "To ki ce su zurfafa. Bara har ƙarƙashin gadona ruwa ya shiga."

Na bar mata fegin, na kafa sabo, heluma ya zagaye gindinsa da siminti.

Ranar Juma'a shugabana ya zo ya auna da kansa, layi ya tsaya. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma an yi jinkirin kwana uku, kuma ban ga yadda zan sa hannu a rahoton da bai faɗi dalili ba, don haka na rubuta komai. Ya tsaya a gaban leburori ya karanta da ƙarfi: "Fegi na bakwai ya kauce sau uku. Dalili: akuya." Sai da ya jingina da motarsa saboda dariya. Da ya share hawaye ya ce in ci gaba da aikin, ya kuma ƙara mini lunguna biyu, tunda a cewarsa duk ofishin ni kaɗai ce ke iya bin layi har cikin gida.

Na yi shekaru masu yawa a wannan aiki bayan nan, na tsaya a kan manyan kwalbatoci da gadoji. Har yau in awo ya saɓa, kaina nake fara zargi, ban warke ba. Abin da ya canza shi ne, kafin in kafa komai a ƙofar gidan mutane, sai na shiga na gaida matan gidan, na gaya musu ko ni wace ce, sannan na tambaye su me suke kiwo.