Liyarin da Kaka Ta Ba Delu

Kakarmu ba ta buɗe tatsuniya da baki. Idan an gama cin tuwo, an iza karan dawa a wutar tsakar gida, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da liyari, tsohon kuɗin azurfar nan mai faɗi mai hoton mace, ta ƙyasta shi a kan dutsen niƙa. Ƙarar ta yi ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Sai ƙarar ta mutu sannan Kaka ta ce mu matso, ta miƙa liyarin ga wadda za ta riƙe mata har a gama. Kullum kuma Delu ce.

Delu 'yar baffana ce, sa'ata. Gida ɗaya muka tashi a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Na fi ta baki, na fi ta saurin gane abu, ni aka sa a makaranta. Amma ita ke zama a hannun daman Kaka, ta damƙe azurfar a tafinta har ta yi ɗumi, ni ina can ƙetaren wuta hayaƙi na cin idona. Na taɓa tambayar Kaka dalili, ta ce hannuna ba ya zama wuri ɗaya. To hannun Delu me ya iya ban da zama?

Kaka ta san azurfa. Matan rugage daga wajen Doguwa sukan kawo mata ta duba kafin su saya wa 'ya'yansu ta kitso. Malam Sabo ma yakan zo, wani dillali daga Riruwai. Akwai Bature a wurin haƙar kuza da ke tara tsofaffin kuɗi, ba don ya kashe ba, sai don ya jera a akwati yana kallo. Mu dai mun ɗauka taɓin hankali ne. Malam Sabo ke nemo masa, amma ba ya kai masa komai sai Kaka ta gani. Takan karkata kuɗin wajen haske ta dubi gashin matar da ke jiki. In silin gashin na nan ɗaya bayan ɗaya, da 'yan ɗige-ɗigen adon kafaɗarta, sai ta ce wannan idonta biyu. In fuskar ta fara shafewa, ta ce tana gyangyaɗi. In ta yi sumul, ta yi barci ke nan, sai dai a kai wa maƙeri. Shi Baturen, liyari mai ido biyu yake so, kuma da baƙin tsufansa, ba ya karɓar wanda aka huda ko aka goge. Wannan ne ya fi ɗaure mana kai, don a wurinmu azurfar da ba ta sha tsamiya da toka ba ai ƙazanta ce.

Na Kaka idonsa biyu tarwai. Mahaifinta ya zo da shi daga fatauci, ba a taɓa huda shi ba. Malam Sabo ya yi ta zarya a kansa, har wata rana ya ambaci saniya. Kaka ta ce ya yi haƙuri, na jikarta ne. Ba ta ce wace jika ba, mu biyu ne kuma jikokinta mata a gidan. Daga ranar na daina cin tuwo da daɗi.

A wannan kakar ne, muna gasa gyaɗa, ta ba mu tatsuniyar tagwaye. Wai liyari biyu aka ƙera rana ɗaya. Ɗaya wani attajiri ya naɗe a tsumma, ya jefa a tulu, ya binne ƙarƙashin gadonsa. Ɗayan ya faɗa kasuwa. Ya sayi gishiri, ya sayi jaki, ya shiga sadaki, aka huda shi ya yi rawa a goshin amarya, jarirai suka yi ta cizonsa suna haƙori, har fuskarsa ta shafe. Bayan zamani mai tsawo sai suka haɗu a faifan maƙeri. Na kasuwa ya dubi ɗan'uwansa ya ga ko silin gashi bai zube masa ba, baƙin ciki ya kama shi. Na tulu ya ce a ba shi labarin duniya, da ya ji, shi ma baƙin ciki ya turnuƙe shi. Suka zauna suna harar juna.

Nan Kaka ta katse labarin, ta koma ɓarar gyaɗa. Na ce sai me ya faru, wa maƙerin ya zaɓa?

"Ke dai, Asabe, da gaggawa aka haife ki," in ji ta. "Ke wanne za ki ɗauka?"

Na ce na tulu mana, shi ne mai tsada, a kai wa Malam Sabo a karɓo saniya. Delu ta ce ita tausayin na tulun take ji, ko rana bai taɓa gani ba. Kaka ta karɓi liyarinta ta ƙulle, ta ce ragowar labarin ɓera ya ja rami, kowa ya tashi. Na kwanta da murna, don na san amsata ce ta masu hankali.

Shekaru suka wuce, na tafi makarantar kwana a Kano. Da na dawo hutu ana shirin bikin Delu, na same ta bakin rijiya da kaskon jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka, tana dirzar wani abu tana waƙa. Liyarin ne. Ya yi fari ƙal, an huda shi daidai saman kan matar. Ko gaishe ta ban yi ba na wuce ɗakin Kaka.

Na ce, "Kaka, kin ga abin da jikarki ta yi? Ta kashe shi. Yanzu ko akuya Malam Sabo ba zai bayar ba."

"Ni za ki koya wa? Ai ni na aike ta wurin maƙerin."

"To ni me na yi miki da ba ki ba ni ba?"

Ta dube ni tana murmushi. "Ke da tulu za ki mayar da shi, ƙawata. Tulun Bature."

Kaka ta rasu da jimawa. Na karanta yadda masu tara tsofaffin kuɗi ke tantance su, na ga duk abin da ta sani suka rubuta, kuma a ma'auninsu ni ce da gaskiya. Saniya saniya ce, har gobe ban janye ba. Abin da na fi jimawa ban gane ba shi ne, a cikinmu ni ce na yi yawon kasuwa, Delu ce ta zauna gida, amma ni kaɗai nake harara.

Bara na je wurinta a Kiru. Liyarin na wuyan 'yarta, yarinyar ta sa shi a baki tana gurgura, matar da ke jikinsa ta fara gyangyaɗi. Delu ta zare igiyar za ta yi wa yarinyar wanka, ta miƙo mini ba tare da ta ko kalle ni ba, ta ce in riƙe mata. Da ɗuminsa, da yawunsa. Tun ina yarinya nake jiran wani ya ce in riƙe. Ta gama wankan, ta shafa mata mai, ta miƙo hannu, ni kuwa na ce ta bari tukuna, ruwan wuyan yarinyar bai bushe ba.