Babur ɗin Baba da Likkafanin Gwaggo Dije

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Maris na shekarar 1963, ana gab da gama tsinkar auduga, Baba ya shigo ƙauyenmu a kan babur. Ni da ƙawayena muna bakin tur'a, magudanar da ke kawo ruwan Nilu zuwa gonaki, muna cika tuluna, sai muka ji ƙara daga wajen hanyar Hasahisa. Jakuna suka ɗaga kunne. Da ya matso muka ga mahaifina ne, rawaninsa ya warware yana binsa a baya, ya riƙe kan babur ɗin da ƙarfi kamar mai kokawa da ƙahon sa. Bai ƙware wajen tsayawa ba tukuna, don haka sai da ya wuce ƙofar gidanmu ya dangana da dangar maƙwabci. Shekarata tara a lokacin. Na bar nawa tulun a bakin ruwa na bi shi da gudu, kuma ranar Inna ba ta yi mini faɗa ba.

Ba don ado ya saye shi ba. Kakana, Malam Alu, ya baro wani ƙauye a ƙasar Sakkwato yana saurayi, da ƙafa, da niyyar hajji, ya bar ƙanwarsa Dije tana 'yar yarinya. Da ya iso nan Jazira, yankin da muke zaune, ya tsaya neman guzuri, aikin auduga ya riƙe shi, ya yi aure, aka haifi Baba. Sai da furfura ta cika masa gemu ya samu ya isa Makka. Al'adar mutanenmu ce wanda ya je can ya sayi farin ƙyalle, ya tsoma shi a ruwan zamzam, ya shanya, ya ninke, ya ajiye don ranar mutuwa. Kaka guda biyu ya kawo. A cikin ɗaya aka rufe shi. Ɗayan kuwa ya miƙa wa Baba kwana uku kafin cikawarsa, ya ce, "Na Dije ne. In kana da rai, kada a sa ta cikin wani." Shekara shida ƙyallen ya yi a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadon igiya, Inna na fitar da shi lokaci-lokaci ta duba ko asu ya taɓa. Sannan wani mahajjaci da ya sauka a masallacinmu ya ce ya san ƙauyen, Dije tana da rai, amma ta makance kuma ba ta tashi.

Muna da hawasha a lokacin, wato gonar da hukumar noman auduga ke ba mutum ya riƙe da sunansa. Kaɗan ne daga cikin Hausawa suke da ita, galibi ƙodago suke yi a gonakin wasu. Kaka ne ya samu tamu, ta dawo hannun Baba. Daga ita muke cin dawa, daga ita ake yi mana ɗinkin sallah. Amma tana da sharaɗi. Mufattish, mai duba gonaki, yana zagawa, kuma dole a ga mai hawasha a kanta idan lokacin shuka ya zo. Baba ya ƙidaya watannin a yatsunsa. Motocin kaya sukan kwana biyar a gari guda suna jiran lodi, shi kuwa da babur, a ganinsa, zai je ya dawo kafin ruwan sama ya rufe hanya.

Mako biyu aka yi ana shiri. Inna ta busar da kisra, gurasar dawa mai falle-falle, ta daka garin dawa da barkono, ta ɗinke likkafanin a cikin fatar akuya don kada gumi ko mai ya taɓa shi. Ni aikina goge babur ɗin da tsumma kowace safiya kafin in tafi makarantar allo. Shehun garinmu ya rubuta masa wasiƙa da ajami zuwa ga sarakunan zango, ya ambaci sunan Kaka da na uban Kaka, dattawa kuma suka zauna a inuwar masallaci suna lissafa masa wanda zai sauka wurinsa a garuruwan kan hanya, Ubayyid, da Nahud, da Fashir, da Junaina. Haka iyayensu suka yi tafiya, daga hannun Bahaushe zuwa hannun Bahaushe. Wani tela da ke aiki a birnin Madani ne kaɗai ya ce masa zamani ya canja, ya tsaya ya nemi jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, da fasfo. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ubana da ƙafa ya zo nan, ba wanda ya tambaye shi takarda. Bale ni mai taya biyu."

Da sassafe ya tashi, galan biyu na mai a ɗaure gefe da gefe, salkar ruwa a baya, fatar akuyar a ƙirjinsa cikin riga. Inna ta raka shi har ƙofa ta ce, "Malam, in ruwa ya sauka ba ka komo ba fa?" Ya ce, "Kafin a buɗe buhun iri ina nan." Ya dafa kaina, ya ce in riƙa taya ta aiki.

Watannin farko ba su yi mana nauyi ba. Muka tumɓuke itacen auduga aka tara aka ƙone, kamar yadda doka ta ce, hayaƙi ya yi kwanaki yana yawo a kan gonaki. Yaran unguwa suka ƙirƙiro wasa, su haɗa karan dawa biyu su hau, suna ƙara da baki, wai su Baba ne za su Sakkwato. Ni kuwa da 'yar tsanata ta kara nake zama bayan mai babur, ina ba da umarnin inda za a tsaya. Da la'asar nakan hau gefen tur'a, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, in dubi yamma. Sai hadari ya fara haɗuwa. Aka buɗe buhun iri. Baba bai zo ba.

Abin da ya same shi a hankali muka san shi, guntu-guntu, cikin shekaru, don shi ba mai yawan magana ba ne. Rairayin yankin Kurdufan ya wahalar da shi, akwai wuraren da shi ya tura babur ɗin, akwai inda aka ɗora su duka biyu a bayan motar kaya. Wasiƙar shehu ta yi aikinta, duk inda ya sauka aka ba shi tabarma da tuwo. A Junaina, bakin iyaka, ta daina aiki. Ma'aikacin da ke wurin ya juya ta sama da ƙasa, ya mayar masa. Babur yana da takarda, yana da lamba, an san ɗan ina ne. Mai shi ne ba shi da komi. Sarkin zangon garin, da kyakkyawar niyya, ya ce masa akwai hanya mai sauƙi wadda kowa ke bi: a rubuta shi cikin alhazai masu komawa ƙasarsu, babur kuma a sa shi cikin kayan gidansa. Baba ya dangwala yatsa. Bai tambayi abin da zai biyo baya ba, domin a saninsa hanya hanya ce, yadda aka bi ta a tafi haka ake bin ta a dawo.

Da wannan takardar ya ratsa Cadi, ya haye kogi a kwale-kwale da babur ɗin a kwance, ya taɓa Kamaru, ya shiga Najeriya. Kwana talatin da wani abu ya yi kafin ya isa ƙauyen. Ya tarar da Gwaggo Dije a kan tabarma a bakin ɗakinta. Da ya gaishe ta ta ce, "Wannan wace irin Hausa ce, rabinta Larabci?" Ta sa ya durƙusa, ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta tsaya a kunnuwansa ta ce na Alu ne. Ya farke fatar ya ɗora mata ƙyallen a cinya. Ta daɗe tana shinshina shi. Can ta ce, "Damina biyu ya ce da ni za ya komo. Ɗan nema, ya makara, amma bai yi ƙarya ba." Kwana huɗu kawai Baba ya yi wurinta, ya juyo yana tseren ruwan sama.

A Adare, garin Cadi da ke fuskantar Junaina, aka tsayar da shi. Littafin iyaka ya nuna ya fita ne fita ta har abada, da yatsansa a kai. Ya ce a Jazira aka haife shi, can matarsa da 'ya'yansa suke, can kabarin ubansa yake. Aka ce ya kawo shaida a rubuce. Ya zauna a zangon Adare damina guda, yana kai mutane kasuwa a bayan babur don ya ci abinci, yana ganin itatuwan ƙasar da aka haife shi a ƙetaren kwari.

Mu kuwa muka shuka hawasha. Inna ta ɗaure zane, ƙannenta biyu suka taimaka, ni ina bin layi ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Audugar ta fito da kyau. Mufattish ya zo sau biyu yana tambayar mai gona, aka ce yana tafe. Kafin zuwansa na uku wasiƙar Baba ta iso a hannun wani mahajjaci, liman ya karanta mana ita. Maƙwabta suka ba Inna shawara ta ce yana jinya a Fashir. Da mutumin ya tsaya a bakin gona ya tambaye ta, ina gefenta riƙe da fartanya, ta faɗa masa gaskiya. Ya rubuta wani abu a littafinsa. Aka bar mu muka tsinke audugar shekarar, daga nan aka ba wani hawashar.

Baba ya dawo bayan wata goma sha ɗaya, a bayan motar kaya, cikin ayarin masu zuwa Makka. Takardar mahajjaci mai wucewa ce kaɗai aka yarda a ba shi, da ita ya shigo garin da aka yanke masa cibiya. Babur ɗin ya bar wa sarkin zangon Adare, domin an riga an soke lambarsa. Ya rame, ya yi baƙi. Washegari ya je ya tsaya a bakin gonar, ya yi wa sabon mai ita sallama, ya tambaye shi ko yana neman ma'aikaci. Shekara ashirin ya yi yana tsinkar auduga a kan ƙasar da ubansa ya bar masa, mu ma muna binsa da buhuna, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan maganar ba.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. A shekararsa ta ƙarshe, ina ba shi kunu, na tambaye shi ko ya taɓa yin nadama. Ya daɗe yana juya ludayi, sannan ya ce, "Da ma na ji maganar tela. Tafiyar kam dole ce." Jikokina yanzu kowanne da fasfonsa, suna ƙetare a yini guda abin da ya ci masa wata, kuma in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini. Ƙauyen nan na ƙasar Sakkwato, babu sauran wanda ya san sunanmu a cikinsa. Takardu muna da su yanzu, wanda za mu kai wa saƙo ne babu.