Ƙwaryar Tasalla da Jirgin Jos

Ku daina cewa Tasalla ta Burumburum taɓin hankali ne ya sa take yawo da ƙwarya tana kife sawun mutane a bakin hanya. Masu faɗa ba su san farkon abin ba.

Mai sayar da daddawa ce, ɗanta ɗaya, Dikko, kukun wani Bature mai haƙar kuza. A danginsu, in mutum ya yi tafiya, sai a kife sawunsa na ƙofar gida da ƙwarya. Ba a ɗagawa, ba a share wurin, sai an ƙiyasta ya sauka, don kada kurwarsa ta ɓata a hanya. Sawun Dikko kuwa ba ya ɓuya, fartanya ta cire masa ƙaramin yatsa tun yana yaro.

Wajen 1955 ya zo sallama: ran Talata za su hau jirgin sama shi da maigidansa, daga Kano zuwa Jos. Tasalla ta kife sawu. Ita dai ta san Jos tafiyar sama da mako ce a ƙafa, ta dajin Falgore.

Ran Talata bayan azahar jirgi ya wuce ta saman gari yana gurnani. Da la'asar ƙanin mijinta, Audu, ya shigo ya yi tuntuɓe da ƙwaryar.

"Haba matarmu, har yanzu? Ai kafin tuwonki ya nuna Dikko ya sauka, yana can yana soya wa Bature ƙwai!"

"Kai dai maƙaryaci ne, Audu. Jos ɗin?"

"Na rantse. Sai kin karya mana ƙafa a banza?"

Ya yi ta dariya har ta ji kunya. Ta ɗaga ƙwarya, ta sa tsintsiya.

Gaskiyar Audu, jirgi ya sauka lafiya. Amma da damina aka maido Dikko gida. Ba zazzaɓi, ba ciwo, har ƙiba ya yi. Sai dai ya zauna a zaure yana haki kamar mai hawan dutse, tafin ƙafarsa na tsagewa, shi da ba ya fita ko ƙofa. In ta kawo fura sai ya ɗago.

"Inna, mun kusa?"

Da kaka wasu makiyaya suka sauko daga Doguwa. Ɗaya ya ce mata sun ga sabon sawu a yashin rafi, yatsa huɗu, ya nufi kudu, ya juyo, ya sake juyawa. Ba su ga mai shi ba.

Washegari Tasalla ta bar daddawa ta ɗau ƙwarya. Har ta tsufa tana bin hanyar Jos a sunkuye, tana duba yatsu.

'Yan Tudun Wada da Doguwa, kakanninku sun gan ta, wasu har sun yi mata dariya. Ku tambaye su, ku zo nan ku faɗa mana: ta samu sawun ko ba ta samu ba?