Golmona a Kwalekwalen Baba Kofur

Duk wanda ya san Baba Kofur ya san ba ya wuce tsohon abu bai ƙwanƙwasa shi ba. Ko fasasshen bokiti ya gani a bola, sai ya tsaya, ya buga shi da yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Wannan da sauransa." Haka ya yi wa wani ruɓaɓɓen kwalekwale da masunta suka yar a bakin kogi a Yawuri. Ya sa aka ɗoro masa shi a kan motar busasshen kifi har ƙofar gida, nan Zuru, garin da ko'ina ka juya dutse ne.

Mama, surukata, ta fito ta riƙe haɓa. "Kofur, a wane kogin za ka saka wannan?"

"Ke dai bari in gyara. Ba ga dam can bayan gari ba?"

Ni ne mijin Saratu, 'yarsa ta fari, kuma kun san matsayina a gidan nan. A al'adarmu saurayi yakan yi shekaru yana noma wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita, shi ne golmo. Ni kuwa malamin makaranta ne, ban taɓa kama wa Baba fartanya ba. Aka ɗaura aure a coci, na kwashi matata na yi gaba. Bai hana ba, amma bai taɓa kiran sunana ba, Mai Alli yake ce mini. Har 'ya'yanmu suka shiga sakandare ina nan a Mai Alli. Dariya nake yi idan ya faɗa, amma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ranar da kwalekwalen ya iso ya dube ni sama da ƙasa. "Mai Alli, ka tsere wa gonata. To, ga golmonka nan."

Da tumbina da furfurata na shiga golmo. Kowace Asabar ina tsugune a tsakar gida. Baba ba ya sayen ƙusa, tsoffi yake cirowa daga karyayyun bencina, ni ke miƙe su, kuma babban yatsana ya fi ƙusoshin shan guduma. Manyan ramuka da gwangwanin tumatir muke liƙe su, ƙanana kuma mu cusa tsumma mu shafe da kwalta. Wata rana tsumma ya ƙare, ya shiga ɗaki ya fito da wani zane, ni kuma don in burge shi na yayyaga shi tas. Washegari Lahadi Mama ta birkita gida tana neman zanenta na zumuntar mata.

"Tambayi Mai Alli," in ji Baba. "Shi ya yaga. Ni miƙawa kawai na yi."

Da gyara ya kankama sai ƙari ya biyo baya. Ya kafa sirdin tsohon babur a tsakiya, wai kujerar kwamanda. Ya ɗaura lema. Ya maƙala madubin babur a gefe.

"Baba, wa zai biyo mu a baya a cikin dam?"

"Soja ba ya zama bai san abin da ke bayansa ba. Miƙo sukuddireba."

Da damina ta matso, muka zauna shawara. Mu manoman dutse, duk abin da muke ji da shi yadda muke wa dawa muke masa: a ɗaga shi daga ƙasa, a kare shi daga ruwa. Na gyara murya irin ta aji na ce ai ruwa ke ruɓar da katako. Baba ya gyaɗa kai, abin da bai taɓa yi mini ba, har kaina ya kumbura. Muka ɗora kwalekwalen a kan duwatsu kamar rumbu, muka yi masa rumfar kwano. Damina ta zo ta wuce, rani ya gasa shi, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ruwa ya taɓa saukowa ina cikin cin tuwo, na bar kwanon na ruga da leda don kada feshi ya same shi.

Ranar sakawa a ruwa rabin unguwa suka raka mu. Baba ya hau sirdi, na kama filafilin tuƙi. Ba mu yi nisa ba sai na ji sanyi a ɗuwawu. Katakon ya bushe ya tsuke, ruwa na shigowa ta kowace gaɓa. Ban iya iyo ba, amma na yi tsalle na goya tsohon nan ina ihu, "Jama'a, mun mutu!"

Ya ranƙwashe ni a ƙeya. "Miƙe tsaye, Mai Alli."

Na miƙe. Ruwan iya cinya ne. Ɗalibaina suna bakin dam, sun ga komai.

Don kunya muka bar shi a nutse a nan. Bayan 'yan makonni Baba ya ce mu je mu jawo shi, ko itacen girki Mama ta samu. Muka kwashe ruwan da ƙwarya, sai ga abu yana yawo a kan ruwa abinsa. Katakon ya sha ya kumbura, ramuka sun toshe. Muka tsaya muna kallon juna.

"Da ma haka na shirya," in ji Baba. "Dabarar soja ce."

A lokacin ciwon ƙafa ya riga ya cinye shi, sai da na ciccibe shi na ɗora a sirdi. Na yi ta tuƙi muna zagaye wuri ɗaya, don har yau ban iya miƙar da shi ba. Ya jefa ƙugiya, ko tarwaɗa ba ta kula mu ba. Ya sa hannu a ruwa yana wasa da shi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Bitrus, ɗana, ya isa. Kai mu gida."

Filafilin ya suɓuce mini ya faɗa ruwa. Da hannu na tuƙa mu zuwa gaɓa, ina kuka, yana zagina.

Baba bai ƙara shiga ruwa ba har ya rasu. Ubangiji ya ba Baba hutu a wurinsa, ya ta'azantar da Mama, mu kuma ya ba mu ikon riƙe gidan da ya bari. Amin.