Harafi Uku a Sunan Dzæræhmæt

Shekara talatin da huɗu Mædinæt ta yi tana jera haruffan dalma a maɗaba'ar jaridar gundumarsu, har yatsunta suka yi baƙin da sabulu ya kasa fitarwa. A cikin akwatin haruffan akwai guda da take ji da shi kamar ɗan autanta, wato æ, mai kama da a da e sun jingina da juna. Mahaifinta ya koyi rubutun yarensu na Osetiya da haruffan Latin, aka wayi gari aka ce a koma na Rashanci. Shi wannan harafin ya tsira, don Rashanci ba shi da abin da zai tsaya a madadinsa.

Mijinta kuwa, Dzæræhmæt, direban motar katako, har uku yake da su a sunansa. Amma takardar soja, ta asibiti, ta fansho, duk Dzarahmat suka rubuta. Shi dariya yake yi. Ita kuwa abin yana ƙona mata rai, ba ta ɓoyewa.

Saura kwana uku a yi sadakar cikarsa shekara da rasuwa, ranar da ake kafa dutsen kabari, ɗansu Tsæra ya iso daga birni da baƙin dutse mai ƙyalli. Aka sauke a tsakar gida, maƙwabta na yabawa. Mædinæt ta sa tabarau, ta duƙa, ta ga an sassaƙa Dzarahmat, ta miƙe.

"Wannan na wane ne?"

"Haba Nana," in ji Tsæra, don haka suke kiran uwa, "na Baba mana. Ga hotonsa ma."

"Hotonsa ne. Sunan fa na wani bawan Allah ne, ban san shi ba."

Tsæra ya ce na'urar masu sassaƙar ba ta da harafin, kuma a fasfo ma haka yake. Wai ai duk ɗaya ne.

"Ɗaya ne? Kad daraja ce, kæd kuwa 'idan'. Je ka ce wa dattijo an ba shi 'idan' a maimakon daraja, ka ga ko ɗaya ne."

Aka kira Gabo, wan marigayin, wanda shi zai yi addu'a ranar. Har yau "amarya" yake ce mata, tana da shekara saba'in da ɗaya.

"Amarya, mutane za su zo daga ƙauyuka biyar. Su tarar da kabari ba dutse? Da wane ido za mu dube su?"

"Da idon da kuka duba wannan kuka ce ya yi."

Tsæra ya ƙule. "To faɗa mini, Nana, yaya ake kiran sunan? Ni dai ban ji bambanci ba."

Shekara arba'in da shida na aure, ba ta taɓa furta sunan mijinta ba. "Maigidanmu" take cewa, kamar yadda uwarta ta yi. Kuma ba za ta fara yau ba, a gaban wansa. Ta juya ta shige ɗakin ajiya, ta jawo wani allon katako, ta nemo guntun fenti baƙi da buroshi. Ta rubuta sunan a kai, layin bai karkace ba, sana'a ce.

Ranar sadaka aka kawo gurasa mai cuku bibbiyu, kamar yadda ake yi wa mamaci. Dutsen birni yana kife a bayan rumbu. Mata na ta ƙus-ƙus, wai tsufa ya taɓa ta, ta kunyata ɗanta. Ta ji su sarai, ko a jikinta. Da kanta ta riƙe allon aka turke shi a kan kabari.

Gabo ya matso da ƙahon giya a hannu zai fara addu'a, fuskar nan a murtuke. Ya dubi allon. Ya daɗe yana dubawa, leɓensa na motsi. Sai ya miƙa wa na kusa da shi ƙahon, ya share ido da hularsa.

"Haka mahaifiyarmu take kiransa," ya ce. Ya waiwayi Tsæra. "Zo ka karanta wa mutane sunan ubanka. A hankali."

Tsæra ya karanta, ya yi tuntuɓe a æ na biyu. Mædinæt ta ɗora yatsa a kan harafin, ba ta ɗauke ba sai da ya faɗa daidai.