Tsamiyar Malam Sabo a Taswira

Sunanta Ramlat Kallamu Fatihu, in ji katin shaidar da ke wuyanta. Talata, 14 ga Oktoba, 2025. Tana zaune a rumfar cajin waya a Gezawa, kwamfuta bisa cinya, gefen zanenta duk ƙarangiya. Da alama da ƙafa ta auna gonakin da ta ɗora taswirarsu a intanet.

Wani dattijo, Malam Sabo, ya lalubo gonarsa cikin taswirar a waya, ya washe baki, sai kuma ya tsaya.

"'Yata, ina tsamiyata? Ita ce iyakata da ƙanena. In babu ita, gobe zai shigo mini da garma!"

Ta yi dariya. "Nuna mini, Baba."

Ta saka tsamiyar, amma ba ta sake ɗora taswirar ba tukuna: manoma bakwai sun yi layi, kowa da bishiyarsa.